Masu Sallama Daga Gidan Ruwa

Hindatu tana kwashe shanya lokacin da dutse na farko ya faɗo a kan rufin kwano. Rana ta riga ta gangara ta wajen teku, zafin Jidda ya ɗan sassauta, masallatan unguwar Bani Malik kuma ba su kai ga kiran magariba ba. Irin lokacin nan ne da unguwa kan yi tsit, kowa ya ajiye abin da yake yi yana jiran ladan. Ta tsaya da zani a kafaɗa, ta ɗaga kai sama, ba ta ga kowa ba. Babu ma inda mutum zai tsaya ya yi jifa, don ɗakunansu biyu a saman bene mai hawa huɗu suke, kuma duk layin babu ginin da ya kai shi tsawo.

Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo baya, ya gangaro har gaban ƙafarta. Ta sunkuya ta ɗauka. Ba dutsen titi ba ne. Gutsuren farin marmara ne, gefe guda a goge sumul, da siririn zanen kore a jikinsa. Abin da ya sa tsigar jikinta ta tashi shi ne sanyinsa. A garin da ruwan famfo ma da zafinsa yake zuwa, wannan dutse sanyi ƙalau yake, kamar yanzu aka ciro shi daga firji.

Hindatu ba mace ce da ke yarda da abu haka kawai ba. Shekara ashirin da biyu a ƙasar mutane sun koya mata cewa idan aka yi mata fara'a ta fara tambayar kanta me ake nema. Saboda haka kafin ladan ya gama kiran salla har ta kama mai laifi a ranta: Rabi'a ta hawa na uku, wadda suka yi cacar baki da ita a kan igiyar shanya makon jiya. Yadda mace mai ciwon gwiwa za ta jefo dutse daga ƙasa ya faɗo daga sama, wannan bai dami Hindatu ba tukuna.

Autarta Bara'atu, 'yar shekara goma sha shida, ta leƙo daga ɗaki da waya a hannu. A Jidda aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi magana sai Larabci ya riga Hausar fitowa.

"Umma, esh fi, mene ne? Wa yana buga?"

"Koma ciki," in ji Hindatu. "Ba kowa."

Bayan salla maigidan, Hadi, ya hau da kayan aikinsa na gadi a jiki da kwanon abinci a hannu. Ta miƙa masa dutsen. Ya juya shi a tafin hannu, ya shafa zanen koren da babban yatsa. Sannan ya ce yara ne, ya jefa dutsen a aljihu, ya nemi ruwan sha. Mutumin da ke zargin yara ba ya adana dutsensu a aljihu. Hindatu ta ajiye wannan a ranta.

Shekara goma sha bakwai ke nan Hadi yana gadi a wata katafariyar kasuwar zamani a bayan gari, can bayan babban titi. Tana da sunanta na Larabci a rubuce da fitilu, amma Hausawan Jidda Gidan Ruwa suke ce mata, saboda ruwan da ke tsartuwa sama a tsakiyarta. Da can in aka yi bikin salla sai Hindatu ta ɗauki yara su je, su hau matakala mai tafiya da kanta, su sha sanyin na'ura, su ci gugguru, su dawo ba su sayi komai ba amma ransu fari. Rabonta da wurin ya kai shekara biyar. Yanzu masu hali sun koma sababbin kasuwannin bakin teku, marasa hali kuma a waya suke danna abin da suke so a kawo musu har ƙofa. Ita kanta Bara'atu haka take yi. Amma duk lokacin da Hindatu ta tambaya, Hadi cewa yake kasuwa tana nan, sai dai ta ɗan ja baya. Ya kan ba su labarin cunkoson ranar Alhamis, da yaron da ya ɓace wa uwarsa, da Bamisiren mai sayar da agogo. Ta lura labaran sun fara maimaita kansu, yaron nan ya ɓace wa uwarsa sau huɗu a wata biyu. Ta kuma lura tun watan Rajab ya ce ta riƙa ƙara masa abinci, wai abokan aiki suna sa hannu.

Washegari, daidai wannan lokaci, duwatsun suka dawo. Uku suka faɗo, sannan aka yi shiru mai tsawo. Daga bayan tankin ruwa, inda ko kyanwa ba za ta iya raɓewa ba, wata murya ta ce a hankali:

"Salamu alaikum, masu gida."

Hindatu ta daskare. Muryar ba ta namiji ba ce, ba ta mace ba, kuma babu fushi a cikinta. Ladabin da ke cikinta ne ya fi ba ta tsoro. Aka sake sallama, aka yi ta uku, sannan aka bari. Wani ƙamshi ya ratsa saman benen, na turaren shaguna da gugguru da sanyin na'ura, ya wuce.

A rana ta uku Rabi'a da kanta ta hau, tana dafa bango tana haki, idanunta a waje.

"Hindatu, don girman Allah, ko me ke faruwa a nan ku kashe shi. Har ƙasa ake ji. In wani ya kira shurɗa, 'yan sandan nan suka zo, kin san rabin gidan nan babu mai iƙama, takardar zaman ƙasa. Halas, an gama da mu."

Hindatu ta dube ta da kyau, ta ga tsoron Rabi'a ya fi nata, sai ta sauke ta daga zargi, ba da son ranta ba. Ta koma ta yi abin da ta sani. Tun la'asar take rufe ƙofa da taga, ta turara habbatus sauda, ta kunna karatu a waya, ta hana kowa amsa sallamar. Duwatsun kuwa ta riƙa tsince su tana tarawa a wani gwangwanin madara, don ita ba ta zubar da shaida. Hadi ya koma ba ya hawowa sai an yi isha, in ya zo kuma ba ya haɗa ido da gwangwanin.

Rana ta shida ba a yi jifa ba. Hindatu har ta fara hamdala, sai ta fito daga kicin ta tarar da ƙofa a buɗe, Bara'atu zaune a bakin ƙofar ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi. Wayarta tana yashe a ƙasa. Ta ɗago kai, idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne.

"Wanga gida ba a amsa sallama?" in ji bakin Bara'atu. "Kwana shidda muna tsaye waje, ɗiyar mutane."

Hindatu ta zuba mata ido. Yarinyar da ba ta iya haɗa zance biyu da Hausa ba tare da ta yi tuntuɓe ba, ga ta tana zuba Hausa tsantsa. Kuma ba Hausar Hindatu ba, wadda Bakanuwa ce. Hausar Talatar Mafara ce, irin wadda Hadi ke yi in ya manta kansa, da jan muryarsa da inda yake sauke numfashi. Mutum ɗaya ne a duk gidan nan mai wannan harshe.

Kwana uku Bara'atu ba ta dawo hayyacinta ba. Ba ta duka, ba ta ihu, tana zaune a bakin ƙofa kawai. In an ajiye mata abinci sai ta ce ba a yi musu bismilla ba, ta ture. Ruwa ma sai an ɗura mata. Leɓunanta suka bushe, wuyanta ya fito, Hindatu tana kallon 'yarta tana ƙarewa a gabanta. Tsoro ya cika ta, amma haushi ya fi tsoron yawa. Ta tare Hadi a matakala.

"Abbansu, dubi idona. Me ka kwaso mana?"

"Hindu, wallahi ban ɗauko komai na kowa ba."

"Ban ce ka ɗauko ba. Da bakinka take magana."

Ya sunkuyar da kai ya raɓa ta gefenta ya wuce. Ta san rantsuwarsa gaskiya ce, don Hadi ko allura bai taɓa ɗauka ba. Ta kuma san akwai wata gaskiyar a bayan wannan, wadda ya zauna a kanta.

Da safe ta zura abaya ta tafi unguwar Bagdadiyya wurin Malam Ɗan'azumi, wani tsoho mutumin Damagaram mai sayar da turare da asuwaki a wani lungu. Ba ya son a ce yana aikin ruƙiya, kuma ba ya zuwa gidan kowa sai ya ga dole. Ta buɗe masa gwangwanin. Ya taɓa dutse ɗaya, ya janye hannu, ya rufe shagonsa.

Ya iso gab da magariba, ba shi da komai sai carbi da gorar zamzam. Ya sa aka kira Hadi ya zauna. Ya shimfiɗa buzunsa nesa kaɗan da yarinyar, ya yi karatu mai tsawo da murya ƙasa-ƙasa, har hasken da ke kan bango ya koma ja, ya dushe. Bara'atu ba ta yi birgima ba, ba ta toshe kunne ba. Sauraro take, kanta a sunkuye. Da ya kai aya ya tsaya, sai ya yi abin da ba wanda ya yi a kwana tara. Ya ce:

"Wa alaikumus salam."

Yarinyar ta sauke dogon numfashi. "Madalla. Ashe da sauran masu tarbiyya."

"Su wane ne ku?"

"Baƙi."

"Baƙo ba ya shiga jikin 'yar masu gida. Wannan zalunci ne, kun sani. Daga ina?"

"Daga Gidan Ruwa. Filin nan namu na tun ba a kawo siminti ba. Da anka zo da gini munka matsa, ba mu yi faɗa da kowa ba. Shekara da shekaru muna jin kiɗansu daga nesa. Da mutane sunka fara janyewa munka dawo, shago bayan shago. Mai agogo ya tafi, munka shiga nashi. Mai takalma ya tafi. Ruwan ya ƙafe, matakala ta tsaya. Wata bakwai ke nan babu ɗan Adam ciki sai mutum guda."

Hindatu ta juya a hankali ta dubi mijinta. Wata bakwai. Shi kuwa ƙasa yake kallo.

"To me ya kawo ku nan?" in ji Malam. "Wa ya zalunce ku?"

"Ba wanda ya zalunce mu. Kiranmu anka yi." Hannun Bara'atu ya ɗago ya nuna Hadi. "Kullum da safe in ya buɗe ƙofa sai ya yi sallama, mu ka amsa mai. In ya buɗe kwano sai ya ce bismilla, ku matso, mu ka matsowa. A bakinai munka koyi magana, don yini yake yana zance shi kaɗai. Ran da anka liƙa takardar rushewa a ƙofa, ya karanta, ya zauna bakin ruwan da ya ƙafe, ya yi kuka. Sannan ya ce, bayin Allah, in akwai mai ji na, in an rushe ku taho gidana, ƙofata a buɗe take. Ga mu mun taho. An rufe muna ƙofa, an yi muna hayaƙi."

Malam Ɗan'azumi ya ajiye carbinsa ya dubi Hadi.

"Ka faɗi haka?"

"Allah gafarta Malam, tayi ne kawai," in ji Hadi. "Irin wanda ake yi. Mutum ba ya cin abinci bai yi tayi ba, ko shi kaɗai ne. Haka aka tashe mu."

"Mu mun san tayi ne," in ji Malam. "Su ba su san ana faɗin magana don a faɗa kawai ba." Ya juya wurin Hindatu. "Hajiya, da ƙeta suka zo, da na san abin da zan karanta. Amma wanda aka gayyata ba a kore shi da wuta. Wanda ya yi tayin shi zai janye, da bakinsa, kuma da dalili na gaskiya. In ya yi musu ƙarya za su sani, sun fi wata bakwai suna jin sa."

Wannan ne abin da ya fi yi wa Hadi nauyi a duniya. Mutum ne da bai taɓa ce wa baƙo babu wuri ba. A ɗakunan nan biyu ya sha kwantar da mutanen garinsu da suka zo umara suka maƙale, shi ya kwana a waje. Hindatu ta dubi busassun leɓunan 'yarta, ta ji kamar ta shaƙe shi.

"Abbansu," ta ce, "ko ka faɗa, ko ka haƙa mata kabari da kunyarka."

Sai ya matsa gaban yarinyar ya durƙusa, kamar mai gaida surukai.

"Ku yi mini gafara. Na yi muku tayin abin da ba nawa ba. Gidan nan haya ne, kuma iƙamata a hannun kamfanin kasuwar take. Kafili, mai tsaya wa zamana a ƙasar nan, ya gaya mini tun kafin azumi, ran da motocin rusau suka shiga, aikina ya ƙare, ba za su sabunta ba. Na zaga wurare, kowa ya ce shekaruna sun ja. Saura wata biyu. Ni kaina ban san inda zan kai waɗannan ba. Ba ni da wurin da zan ba ku."

Bai dubi Hindatu ba, amma ita ya gaya wa, kuma ta sani. Duk kwanakin nan tana neman maƙiyi, ta zargi maƙwabciya, ta zargi mutanen ƙasa, ashe mijinta ne ke tashi kullum ya goge takalmi ya tafi gadin kango, ya dawo ya ƙirƙiro musu cunkoso don kada su kwana da damuwa. Haushin bai tafi ba, amma tausayi ya zo ya zauna kusa da shi.

Da bakin Bara'atu ya sake magana, muryar ta yi laushi.

"Ashe ku ma rushe ku za a yi."

"To kun ji," in ji Malam. "Ku sakar masa 'ya."

"Muna saki. Amma baƙo ba ya fita ba rakiya. Akwai wata kasuwa hanyar Makka, benenta na sama ya yi duhu tun bara. Irinsu ba su ƙarewa garin ga. Shi kai mu da ƙafarshi. Mu zamna jikin ɗiyar har can."

"A'a," in ji Malam, ya ɗaga murya a karo na farko. "Ko taku ɗaya ba za ta yi da ku ba. Ga duwatsunku da kuka zo da su, ku koma ciki, a ɗauke ku da mutunci. Kuma ku yi alkawari, tsakaninku da Allah, ba ku ba gidan nan, ba ku ba zuriyarsa, ko da ya manta ya sake yi muku tayi. Don zai manta, na ga halinsa."

Wani abu mai kama da dariya ya fito daga maƙogwaron yarinyar. "Mun ɗauka."

Malam ya buɗe gwangwanin ya ajiye a gabanta, ya shafa mata zamzam a fuska, ya ci gaba da karatu. Bara'atu ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Gefen gwangwanin ya yi raɓa, kamar an zuba ƙanƙara a ciki. Can yarinyar ta buɗe ido, ta ce da muryarta ta kullum, "Umma, moya. Ruwa, ina so ruwa." Hindatu ba ta taɓa jin daɗin karyayyar Hausar nan kamar ranar ba.

Washegari da la'asar sakaliya suka ɗauki tasi su uku, don Bara'atu ta ce ba za ta zauna a gida ba tare da su ba. Hadi ya rungume gwangwanin a cinya, an naɗe shi da tawul saboda sanyi. Kasuwar da aka kwatanta tana nan a gefen hanya. Filin ajiye motocinta zai ɗauki mota dubu, amma bakwai Hindatu ta ƙirga. A ƙasa wani kantin magani da shagon waya suna da wuta, sama kuwa tagogi ne baƙi ƙirin, an cire sunayen shaguna an bar inuwar haruffa a bango.

Hadi ya zaga ta baya inda matakalar ƙarfe take, ya ajiye gwangwanin a kan taka ta farko, ya buɗe murfin, ya ja da baya. Hindatu ta ga leɓunansa suna motsi, ta san abin da ke shirin fitowa, ta danƙe hannunsa da ƙarfi. Ya haɗiye maganarsa. Suka juya.

Sun yi taku kamar goma, ladanin wani masallaci na nesa ya fara kiran magariba, sai ƙamshin gugguru da turaren shaguna ya wuce ta gefensu ya hau sama. Daga kan matakalar muryar nan mai ladabi ta yi musu sallamar da ake yi wa duk wanda ya yi rakiya zai koma:

"Mun gode. Ku gaida gida."

Ba wanda ya waiwaya. Sai da suka kusa motar Bara'atu ta ja gefen abayar uwarta, ta tambaya a hankali:

"Umma, wane gida?"

Mai tasi ya danna ham, ya leƙo yana cewa yalla, su yi sauri. Hindatu ta riƙe hannun 'yarta gam, ta dubi mijinta. A karo na farko cikin watanni ba ƙarya take nema a fuskarsa ba, so take ya taya ta neman amsa.